Landan zuwa Istanbul: awa nawa ce tafiyar a gaskiya?

Wani ɗan'uwa mazaunin Landan, wanda zai je Istanbul saro kaya a watan Janairu, ya aiko da tambaya. Ya ce tikitinsa ya nuna zai tashi daga filin jirgin sama na Heathrow da ƙarfe 11:30 na safe ya sauka ƙarfe 6:25 na yamma, amma a dawowa zai tashi ƙarfe 1:15 na rana ya sauka ƙarfe 2:30. Ya duba intanet ya ga nisan bai cika kilomita 2,500 ba, kuma ya sha jin cewa jirgi na gudun kilomita 900 a awa. Yana son ya san wanne zai ɗauka: kusan awa bakwai, awa ɗaya da kwata, ko ƙasa da awa uku, domin ya tsara lokacin haɗuwa da dillalinsa.

Malam, babu ɗaya daga cikin ukun da za ka gina shirinka a kansa. Zuwa zai ɗauke ka awa 3 da minti 55, dawowa awa 4 da kwata, kuma ko waɗannan ma ba su ne tsawon tafiyarka ba, tsawon zamanka ne a cikin jirgi. Na daɗe ina aikin tsara hanyoyin jirage kafin su tashi, kuma abin da na fi ganin yana jefa matafiya cikin wahala shi ne ɗaukar lissafin takarda a matsayin lissafin yini. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na agogo ya fi sauƙi. Kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da abin zai faru ne, tashi da agogon Landan, sauka da agogon Istanbul. Tun shekarar 2016 Turkiyya ta daina sauya agogonta, ta tsaya a awa uku gaba da GMT duk shekara. Birtaniya kuwa tana matsar da nata gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ta mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Saboda haka a Janairu Istanbul tana gaban Landan da awa uku, a Yuli kuma awa biyu. Cire ukun daga awa 6 da minti 55 ɗin zuwa, ka ƙara su a kan awa ɗaya da kwata na dawowa, sai lissafin ya zauna. Mu a wurin aiki ba ma amfani da agogon kowane gari, komai da lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, muke rubuta shi, don kada irin wannan ruɗanin ya shiga tsakanin matuƙi da masu ba shi hanya.

Yanzu nisa. Abin da ka gani daidai ne: daga Heathrow zuwa sabon filin Istanbul kusan kilomita 2,490 ne, wato wajen mil 1,545. Matuƙa da mil ɗin teku suke aiki, wanda kowane ɗaya mita 1,852 ne, don haka a takardunsu za ka ga wajen 1,345. Wannan ita ce gajeriyar hanya a kan doron duniya, wadda za ka samu idan ka ja zare tsakanin biranen biyu a kan taswirar nan mai siffar ƙwallo. A shimfiɗaɗɗiyar taswira, irin wadda ake nunawa a allon bayan kujera, hanyar tana bayyana da ɗan lanƙwasa zuwa sama, har mutum ya zaci zagaye ake yi da shi. Ba zagaye ba ne. Jirgin yana barin Ingila yana fuskantar kusan gabas sak, sannu a hankali fuskarsa na karkata, har ya iso Turkiyya yana kallon kudu maso gabas. Yakan ratsa mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa, ya bi ta saman Beljiyam, Jamus, Ostiriya, Hungari, sannan Romaniya ko Sabiya, ya ƙare da Bulgeriya.

Sai dai babu jirgin da ke bin zaren nan daga farko har ƙarshe. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, kuma a Heathrow iskar takan zo daga yamma a kusan kashi 70 cikin 100 na shekara. Ma'ana, kai da za ka gabas, da yamma za a fara da kai, wajen Windsor, sai an ɗan hau sama jirgin ya juyo ta ƙayyadaddiyar hanyar fita. A Istanbul titunan jirgin sun miƙe ne kudu da arewa, don haka gwargwadon iskar ranar, ko dai ku shigo ta saman Bahar Aswad, ko ku zagayo ta kudu ta wajen tekun Marmara. A tsakiya kuma akwai yankunan atisayen soja da ake kauce wa, akwai hadari, akwai wuraren da masu kula da sararin sama suka ce sun cika. An samu ci gaba a wannan fannin: Hungari ta soke tsoffin layukan sama tun 2015, ta bar jirage su yanka kai tsaye daga inda suka shigo zuwa inda za su fita, kuma a 2019 aka haɗa sararinta da na Romaniya da Bulgeriya a wannan tsarin. Duk da haka, abin da jirgi ke ci a zahiri yakan zarce kilomita 2,490 ɗin nan da kilomita gommai, wani lokaci ya haura ɗari.

Gudun kilomita 900 ɗin ma yana da sharaɗi. Wannan gudun manyan jirage ne irin su Boeing 777, kuma sai sun kai can ƙololuwa. Ƙananan da suka fi yawa a hanyoyin cikin Turai, Airbus A321 da Boeing 737, gudunsu a sama wajen kilomita 830 ne a awa. Ana amfani da iri biyun a wannan hanya, kuma bambancin da ke tsakaninsu a irin wannan nisa bai wuce 'yan mintoci ba. Abin da ya fi cin lokaci shi ne hawa da sauka. Ƙasa da ƙafa 10,000 akwai ƙa'idar taƙaita gudu, wajen kilomita 460 a awa. Jirgi kan ɗauki minti ashirin zuwa ashirin da biyar kafin ya kai tsayin tafiyarsa, tsakanin ƙafa 35,000 da 39,000, sannan yana fara gangarowa tun saura kilomita 200 ko fiye, yana rage gudu mataki-mataki. Idan ka haɗa, zaman iska zalla daga Landan zuwa Istanbul yakan kama tsakanin awa uku da kwata zuwa uku da rabi.

To ina sauran rabin awar? A ƙasa take. Lokacin da kamfani ke rubutawa a tikiti ba daga ɗagawar taya yake farawa ba. Yana farawa daga sa'ar da aka cire katakon da ke tare tayoyin jirgi aka tura shi baya daga ƙofa, yana ƙarewa sa'ar da ya tsaya cak a ƙofar can. Filayen nan biyu kuwa duka masu cin lokaci ne a ƙasa, kowanne da dalilinsa. Heathrow titin jirgi biyu kacal gare shi, amma ya ɗauki fasinja kusan miliyan 84 a 2024, kuma doka ta ƙayyade masa tashi da sauka 480,000 a shekara, adadin da yake dab da cikawa. Minti ashirin a layin jiran tashi ba abin mamaki ba ne a can. Istanbul matsalarsa girma ce. An buɗe shi ranar 29 ga Oktoban 2018, aka kwaso jiragen fasinja daga tsohon filin Atatürk a Afrilun 2019, kuma a farkon lokacin mutane sun koka da doguwar tafiyar da jirgi ke yi a ƙasa bayan sauka. Buɗe titi na uku a Yunin 2020 ya rage abin sosai, amma har yanzu minti goma zuwa ashirin daga titi zuwa ƙofa abu ne na yau da kullum.

Kamfanoni sun san haka, shi ya sa suke saka ɗan rara a jadawali. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin wayo, don a ce jirginsu ba ya latti, tunda a ƙa'idar harkar duk jirgin da ya iso cikin minti 15 na lokacinsa ana lissafa shi cikin masu zuwa a kan kari. Ni ban ɗauke shi wayo ba. Jirgin da ya kai ka Istanbul yana da wata tafiyar bayan awa ɗaya ko biyu, ma'aikatansa suna da iyakar awoyin da doka ta yarda su yi, kuma da yawa daga fasinjojinsa wani jirgin za su kama. Jadawalin da aka matse shi yana da kyau a ido, amma da zarar safiya ta karkace, yinin gaba ɗaya ya karkace.

Tambayar da ta fi daɗin amsawa ita ce ta minti ashirin ɗin da dawowa ta fi zuwa, alhali nisa ɗaya ne. Akan ji mutane suna cewa juyawar duniya ce, wai ƙasa na tafiya a ƙarƙashin jirgi. Da haka ne, da mai zuwa yamma ne zai riga isa, domin duniya gabas take juyawa, kenan Landan ce za ta riƙa tahowa ta tarye shi. Iskar da jirgi ke ciki tare da duniya take juyawa, don haka wannan bayanin bai tsaya ba. Dalilin shi ne wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a tsayin kilomita tara zuwa goma sha biyu, daidai inda jirage ke tafiya. Tana samuwa ne inda sanyin arewacin duniya ya haɗu da ɗumin da ke tasowa daga kudu, juyawar duniya kuma ta karkatar da ita gabas. A hunturu, da yake tazarar sanyi da ɗumi ta fi faɗi, iskar ta fi tsanani, a tsakiyarta tana iya wuce kilomita 300 a awa. Jirgi a cikinta kamar kwalekwale ne a kogi: ƙarfin tuƙin ɗaya ne, amma mai bin ruwa da mai yanka shi ba sa isa tare.

Ga lissafin a sauƙaƙe, a matsayin misali. Ka ɗauka hanyar kilomita 2,550 ce, jirgin na gudun 830, iskar kuma matsakaiciya ce, 50 kawai. Mai zuwa Istanbul yana cin ƙasa da gudun 880, ya gama cikin awa 2 da minti 54. Mai dawowa yana cin 780, ya gama cikin awa 3 da minti 16. Minti 22 ke nan tsakani, daga iskar da ba ta kai a kira ta mai ƙarfi ba. Ranar da ta tsananta abin yakan ba da mamaki: a Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taho daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da ta saba wuce awa shida. Wannan iskar ce ke sa mu zauna kafin kowace tafiya muna gwada tsayi daban-daban da hanyoyi daban-daban a kwamfuta. Sau da yawa hanyar da ta fi tsawo a kilomita ita ce ta fi gajarta a mintoci, ta kuma fi ƙarancin shan mai.

Akwai ƙari a kan dawowar, kuma na Heathrow ne. Idan jirage suka taru fiye da yadda titin sauka zai ɗauka, ana jera su a sama a wurare huɗu da ke kewaye da Landan: Bovingdon, Lambourne, Biggin Hill da Ockham. Kowane jirgi yana kewayawa a tsayinsa, ƙafa dubu tsakaninsa da na ƙasa da shi, ana zare na ƙasan ɗaya-ɗaya. Masu zuwa daga gabas irinka sukan faɗa Lambourne ko Biggin Hill. Kowane kewaye wajen minti huɗu ne, kuma biyu ko uku ba baƙon abu ba ne a lokutan cunkoso. Idan ka ga jirgin yana ta juyi a kan allo, babu abin da ya lalace, layi kuke bi.

Wani abin da ke ɓata wa fasinja rai shi ne a rufe ƙofa, kowa ya zauna, sai matuƙi ya ce za a jira rabin awa. Yawanci ba daga filin da kuke ba ne. Hukumar Eurocontrol da ke Brussels ita ke daidaita yawan jiragen da ke ratsa kowane yanki na sararin Turai. Idan wani yanki a saman Jamus ko Hungari zai cika a sa'ar da za ku iso shi, sai a ba jirginku ƙayyadadden lokacin tashi, da damar minti biyar kafinsa ko goma bayansa. Gara a jira a ƙasa da injin a kashe da a je a yi ta kewaye a sama ana ƙona mai. Hanyarka tana cikin waɗanda wannan ya fi shafa a 'yan shekarun nan, domin tun da aka rufe sararin Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022, kuma kamfanonin Turai suka daina bi ta saman Rasha, jiragen da ke zuwa Asiya sun tattaro zuwa kudu maso gabashin Turai, wato daidai layin da za ka bi. Abin ya fi tsanani a bazara saboda masu hutu da hadarin yamma. A Janairu damuwarka hazo ne a Heathrow, wanda ke sa a ƙara tazara tsakanin masu sauka, da wanke ƙanƙara daga fikafikai kafin tashi, da dusar ƙanƙara a Istanbul, wadda ta taɓa tsayar da filin cak a Janairun 2022.

Kada kuma ka sa rai matuƙi zai rama lattin da gudu. Tazarar da ke tsakanin gudun yau da kullum da iyakar abin da zai iya ƙarawa ƙanƙanuwa ce, a tafiyar awa uku bai fi ya samo maka minti biyar ba, kuma da man da ya fi ƙarfin ribar. Abin da kan taimaka shi ne masu kula da sama su ba shi yanke, ko iska ta yi masa kyau.

Yanzu ga lissafin da ya kamata ka ba dillalinka. Daga tsakiyar Landan zuwa Heathrow wajen kilomita 23 ne: kusan awa ɗaya a jirgin ƙasa na layin Piccadilly, ƙasa da haka a layin Elizabeth, minti 15 daga Paddington a Heathrow Express. Turkish Airlines a Tasha ta 2 yake, British Airways a Tasha ta 5, kuma ba kusa suke da juna ba, ka duba tun a gida. Ka isa aƙalla awa biyu kafin tashi, ni da kaya a hannu na fi son biyu da rabi, domin ana rufe karɓar kaya awa ɗaya kafin lokaci. Bayan sauka, ginin Istanbul yana da faɗi ƙwarai, tafiyar ƙafa daga ƙofa zuwa wurin duba fasfo kaɗai tana iya cin kwata, ga layin jami'an shige da fice, ga jiran jaka. Ka ba wannan awa ɗaya. Filin yana can Arnavutköy, arewa maso yamma da gari, kilomita arba'in da wani abu daga unguwannin kasuwa irin su Laleli da Aksaray. Motocin bas na Havaist suna zuwa, jirgin ƙasa na M11 da aka buɗe a 2023 yana kaiwa Gayrettepe inda za ka sauya, kuma da yamma, lokacin da za ka sauka, cunkoson Istanbul na kan ganiyarsa. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan ka bar gida ƙarfe takwas na safe, za ka shiga masauki wajen tara na dare agogon can. Awa goma ke nan ƙofa zuwa ƙofa, kuma jirgin bai cinye ko rabinsu ba. Ranar zuwa ba ranar kasuwa ba ce, ka sa haɗuwarku washegari da safe.

Tun da gabas za ka, yinin zai gajarce maka. Ƙarfe 11:30 a Landan a Janairu Azahar ba ta shiga ba, lokacin da za ka sauka kuwa rana ta riga ta faɗi a Istanbul. Azahar da La'asar duka a sama za su same ka, saboda haka ka shiga da alwalarka ka san yadda za ka yi tun kafin ka zauna. Akwai ɗakunan ibada a Heathrow, akwai masallatai da dama a cikin filin Istanbul. A dawowa akasin haka ne, ranar ce za ta yi maka tsawo.

Ka sake duba haruffa ukun da ke kan tikitinka. IST shi ne filin da nake magana a kansa, a ɓangaren Turai na birnin. SAW shi ne Sabiha Gökçen, a ɓangaren Asiya, can Pendik, kuma a nan jiragen kamfanin Pegasus ke sauka daga Stansted, wani filin jirgin na Landan. A sama bambancinsu 'yan mintoci ne, amma a ƙasa tsakaninsu tafiya ce ta fiye da awa ɗaya, da tsallaka mashigin Bosporus. Tikitin Stansted zuwa SAW yakan fi araha, sai dai Stansted ɗin kansa wajen minti hamsin ne a jirgin ƙasa daga Liverpool Street, kuma kuɗin jaka daban ne, abin da ke da nauyi ga mai dawowa da kaya. Na ga mutanen da suka sayi zuwa ta wani filin, dawowa ta ɗayan, ba su lura ba sai ranar tafiya.

Adadin kilomitan yana da wani amfani da ba kowa ya sani ba, wato wajen diyya. A dokar Birtaniya, duk jirgin da ya tashi daga ƙasar, ko na wane kamfani ne, idan ya kai ka latti da awa uku ko fiye kuma laifin na kamfanin ne, akwai kuɗin da za ka nema, kuma da nisa ake auna shi. Tafiyar da ke tsakanin kilomita 1,500 da 3,500 fam 350 ce, taka a nan ta faɗo. Ana lissafi da gajeriyar hanyar nan ta kilomita 2,490, ba da abin da jirgin ya zagaya ba, kuma ana duba lokacin isa ne, ba na tashi ba. Hazo, dusar ƙanƙara da umarnin masu kula da sama ba sa cikin laifin kamfani. A dawowa daga Istanbul dokar Birtaniya tana rufe ka ne idan kamfanin na Birtaniya ne ko na Tarayyar Turai. Idan na Turkiyya ne, ƙa'idar haƙƙin fasinja ta Turkiyya ce za ta yi aiki, don haka ka adana katin shiga jirgi da duk saƙon da suka turo maka.

Idan har akwai damar sauya jirgi ba tare da asara ba, ka koma na sassafe. Jirgin farko yakan kwana a filin, bai gaji lattin kowa ba, sararin Turai bai cika ba tukuna, kuma idan wani abu ya faru aka soke shi, akwai wasu jiragen a bayansa a ranar da za a iya mayar da kai. Na ƙarfe bakwai na safe zai ajiye ka a Istanbul wajen biyu na rana, ka shiga gari da sauran haske kafin hanya ta cushe. Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa a yi ciniki mai albarka.